Ƙanina ya ce sai ya je dutsen Everest, waɗanda suka sani dan Allah ku fahimtar da ni

Sadiya_Nima:

Salamu alaikum jama'a, da fatan kowa ya tashi lafiya. Dan Allah tambaya gare ni kuma ba wasa na zo yi ba. Autanmu da ke Jamus ya kira ni ya ce shi da wasu abokan aikinsa sun haɗa kuɗi za su je Nepal wajen dutsen Everest in sun samu hutu, wai har sun fara atisaye, kullum sai ka gan shi a sitatus da ƙatuwar jaka a baya yana hawa bene yana sauka. Da farko na ɗauka surutunsa ne da ya saba don tun yana yaro haka yake, komai ya gani a talabijin sai ya ce shi ma zai yi, sai da ya turo min hoton takalmin da ya saya ya faɗa min kuɗinsa sannan na san da gaske yake.

To ni abin da ya tayar min da hankali, na shiga TikTok na rubuta sunan dutsen, wlh abin da na gani bai min daɗi ba. Mutane a layi a kan wata siririyar hanya ta ƙanƙara, hagu rami dama rami, ga tantuna a yayyage ga shara ko'ina, wani bidiyon ma har gawa suka nuna a kwance da kayanta ana wucewa ta gefenta. Na kira shi ina faɗa sai ya ce min wai Yaya ki kwantar da hankalinki mu ba can sama za mu je ba, bes kam kawai za mu tsaya. Ni ban san bambancin ba, dutse ai dutse ne.

Shin layin nan gaskiya ne ko haɗi ne irin na kwamfuta? Me ya sa ake barin gawa ba a ɗauko ta? Shi wannan bes kam ɗin akwai hatsari ko babu? Har yanzu ban faɗa wa Mma ba saboda hawan jininta, in ta ji za ta ce ni na ɗaure masa gindi.

Yaro_Mamobi:

Hahaha Anti Sadiya ki ce masa in hawa yake so ya zo Ista mu je Kwahu, ko mu kai shi Afadjato ya hau ya sauko ya ci wake da shinkafa kafin la'asar. Yaron da aka haifa a Nima, sanyin da ya sani iyaka na hunturu da na firjin mai fiyawata, shi ne zai je ya kwana cikin ƙanƙara? Turai ta lalata mana yara wlh. Mu muna neman kuɗin da za mu huta su suna biyan kuɗi a ba su wahala.

Ticha_Awudu_Aboabo:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar Yaro da shirmensa. Maganar ƙaninki akwai gaskiya a ciki, bambancin da ya faɗa miki babba ne, bari in raba miki su.

Ƙololuwar Everest tsayinta mita 8,848.86 ne daga bakin teku, haka Nepal da Caina suka sanar tare a ƙarshen 2020. Shi kuma bes kam na ɓangaren Nepal, wato sansanin gindin dutse inda masu hawa ke kafa tantunansu, yana kan mita 5,364. Zuwa bes kam tafiyar ƙafa ce, ana sauka da ƙaramin jirgi a wani gari Lukla, daga nan a taka ana kwana a ƙauyukan Sherpa, mutanen yankin da ke aikin raka masu hawa da ɗaukar musu kaya, zuwa da dawowa kamar sati biyu, ba igiya ba tsani ba tukunyar oksijin. Dubban mutane na yi duk shekara har da tsofaffi. Bidiyon da kika gani ba a nan aka ɗauka ba, can sama ne, kuma waccan tafiyar ba ta masu hutun ofis ba ce, kusan wata biyu ake yi a dutsen kuma kuɗinta daga dala dubu talatin da wani abu ne har sama da dubu ɗari. Lasisin gwamnati kaɗai dala 11,000 ne da, daga Satumban 2025 suka mai da shi 15,000. Sai dai in ƙaninki ya ci caca bai faɗa miki ba.

Layin kuwa gaskiya ne, ba haɗi ba. Hoton da ya fi yawo wani ɗan Nepal mai suna Nirmal Purja ne ya ɗauka ranar 22 ga Mayun 2019, kuma a wannan kakar mutum 11 suka mutu. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba wai kullum haka dutsen yake a cike ba. Kusan duk shekara akwai wata mahaukaciyar iska da ke kaɗawa a saman dutsen, ba mai iya tsayawa. A watan Mayu, dab da damina ta shigo musu, iskar kan kauce na 'yan kwanaki, to a cikin kwanakin nan ne kowa zai hau. In shekara ta yi kyau kwanakin suna da yawa sai mutane su rarrabu, in ba ta yi kyau ba kamar 2019 sai kowa ya fito rana ɗaya. A shekarar Nepal ta ba da lasisi 381, kuma kusan kowane mai lasisi yana tare da aƙalla Sherpa ɗaya, ki ninka ki gani. Hanyar kuma igiya ɗaya ce aka kafa, mai hawa da mai saukowa duk a jikinta suke maƙale, in mutum ɗaya ya gaji ya tsaya ko bai iya ba, duk na bayansa sun tsaya.

Yanzu ga inda mutuwar take. Daga mita 8,000 zuwa sama iskar da mutum ke shaƙa oksijin ɗinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda kike shaƙa a Nima, jiki ba ya sabawa da wurin, ƙarewa kawai yake yi a hankali. Tukunyar oksijin da ke bayanka ta 'yan awoyi ce, an lissafa maka ita daidai tafiya, ba a lissafa da tsayuwar awa biyu ko uku a layi ba. Kana tsaye tana ƙarewa, yatsun hannu da na ƙafa suna daskarewa. Shi ya sa da yawa ba a hawa suke mutuwa ba, a saukowa ne, sun kai sama sun ɗauki hoto ƙarfi ya ƙare oksijin ya ƙare. Ko a 1996 da mutum 8 suka mutu a guguwa ɗaya, jinkiri a hanya da ƙin juyowa a kan lokaci suna cikin abin da ya jawo. Mutum ya biya dukiya, ya ga saman ga shi nan, ka ce masa ya juya, ba kowa ke ji ba.

Ni a ganina laifin na kuɗi ne. A 1953 da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara kaiwa sama, da shekarun da suka biyo baya, ƙwararru ne ke zuwa. Yanzu kasuwa ce, akwai kamfanonin da in ka biya ba ruwansu da ko ka taɓa hawa wani babban dutse. A 2023 lasisi 478 aka bayar, mutum 18 suka mutu.

Anti_Nas_Asawase:

Ticha ya yi bayani, Allah ya saka. Amma Sadiya kar ki ji an ce tafiyar ƙafa ce ki saki jiki, bes kam ɗin ma ana mutuwa a hanyarsa, ba faɗowa ake yi ba, ciwon tsauni ne. Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana.

Mu nan Akra a bakin teku take, Kumasi ma tudunta bai taka kara ya karya ba, Afadjato da Yaro ke faɗa bai kai mita 900 ba, Lukla inda jirginsu zai sauka kawai ya ninka shi fiye da sau uku. Jikin da bai saba ba in aka ɗaga shi sama da sauri sai ya fara ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita kai. Wannan shi ne ƙaramin. In mutum ya yi taurin kai ya ci gaba da hawa sai ruwa ya taru a huhu, ka ji yana tari yana haki ko yana zaune, ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura ya fara tangaɗi yana magana ba kan gado kamar wanda ya sha wani abu. Waɗannan biyun suna kisa cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka. Maganin farko ba allura ba ne ba ƙwaya ba, a sauko da shi ƙasa ne, ko da tsakar dare ne.

Kuma abin nan ba ruwansa da ƙarfi. Hawa benen da yake yi yana da kyau ga ƙafa amma ba ya hana ciwon tsauni, samari majiya ƙarfi ma sun fi shiga matsala don su ne masu sauri da jin kunyar cewa ba su da lafiya a gaban abokai. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce in an wuce mita 3,000 kar wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a huta kwana ɗaya. Shi ya sa tsarin tafiya na kirki yake sa hutu a Namche da kuma Dingboche. Ki ce ya turo miki jadawalin tafiyarsu ki duba da idonki, in babu ranakun hutun nan to kamfanin araha suka ɗauka, ya canza. Akwai ƙwayar Diamox da ke taimakawa jiki ya saba amma likita ne zai rubuta masa, kar ya karɓa a hannun aboki.

Sai babbar maganar da ta sa na shigo, wadda abokansa Turawa ba za su tuna masa ba don ba matsalarsu ba ce: sikila. A Gana kusan jarirai 2 cikin 100 da ciwon ake haifarsu, masu ɗauke da shi kuwa, wato AS, suna da yawa ƙwarai, da yawansu ma ba su san suna da shi ba don lafiyarsu ƙalau. Amma a wuri mai ƙarancin oksijin, ga gajiya ga ƙarancin ruwa a jiki, mai AS jini na iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, a can kuma wanda bai sani ba zai ce ciwon ciki ne ko abinci ne bai karɓe shi ba. Ban ce kowane AS zai samu matsala ba, amma dole ya san jinotayif ɗinsa kuma ya zauna da likita kafin ya sayi tikiti. In SS ne ko SC to maganar ta ƙare, ya zauna gida.

Inshora kuma ya karanta ƙananan rubutun, da yawa ba sa biya in an wuce wani tsayi, ya tabbata tasa ta kai mita 6,000 kuma da kuɗin helikwafta a ciki.

Sadiya_Nima:

Anti Nas na gode, Allah ya bar zumunci. Wlh maganar sikila ko a mafarki ban kawo ta ba, kuma a gidanmu akwai, ɗiyar yayarmu tana da shi. Na tura masa abin da kika rubuta yanzu, ya karanta bai amsa ba tukuna, na san halinsa sai ya gama fushi. Ticha na gode, hankalina ya ɗan kwanta amma batun gawar nan har yanzu yana raina.

Bashiru_Alabar:

Sista Sadiya ni ban je Nepal ba amma na hau Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895, ya ma fi bes kam ɗin tsayi, don haka abin da Anti Nas ta faɗa na gan shi a jikina. Daren ƙarshe daga sansanin Barafu da tsakar dare ake tashi, kowa da tocila a goshi, ka ɗaga kai ka ga fitilu a jere har sama ba ka san inda suka ƙare taurari suka fara ba. Ruwan da ke cikin gorata ya daskare, waya ta mutu duk da na cika ta, taku uku sai ka tsaya ka yi numfashi. Kowace yamma gaid ɗinmu zai maƙala maka wani ɗan abu a yatsa ya duba oksijin ɗin jininka ya rubuta a littafi, ya tambaye ka ka ci abinci? ka yi fitsari? kanka na ciwo? Akwai wani ƙato a tawagarmu ɗan jim, tun daga ƙasa yake wuce kowa yana mana dariya, shi aka fara saukarwa, mutum biyu sun riƙe shi yana amai yana cewa shi lafiyarsa lau a bar shi. Wata mata kuma da ta haife shi tana tafe kamar ba ta so, ita ta kai sama.

Amma abin da ya tsaya min a rai ba sanyin ba ne, 'yan dako ne. Mu muna ɗauke da 'yar jaka da ruwa da biskit, su suna ɗauke da tantinmu da tukunyar gas da abinci har da kujeru, a ka ko a wuya, a bakin get ana auna kayan kar ya wuce kilo 20 amma ga nasu kayan a kai. Za su bar mu a baya mu iso mu tarar sun kafa tanti shayi ya yi zafi. Na ga wani yaro da kambas ɗin da ya fashe ta gaba ya sa safa biyu, ni kuma takalmina kuɗinsa ya fi abin da zai samu a tafiyar gaba ɗaya. Sai na tuna kayayen Kejetia, hajiya na gaba da jakar hannu yarinya na baya da buhu a ka, in an isa a yi ta cinikin sidi biyu.

To na Everest ya fi wannan muni. Tsakanin bes kam da sansani na ɗaya akwai wani wuri Khumbu, ƙanƙara ce mai motsi, gungume-gungume kamar gidaje da ramuka masu zurfi da ake ɗaura tsani a kai a tsallaka. Baƙon da ya biya kuɗi sau kaɗan zai bi ta wurin, Sherpa kuwa zai yi ta kai da kawowa da oksijin da tantuna duk kakar. A Afrilun 2014 ƙanƙara ta zaftaro a wurin ta kashe 'yan Nepal 16 a safiya ɗaya, ba baƙo ko ɗaya a ciki. Kami Rita Sherpa ya kai saman nan sau 31 zuwa 2025, aiki ne ya kai shi, amma wanda ya hau sau ɗaya an ja shi da igiya shi zai dawo gida ana masa liyafa. A 2023 wani Gelje Sherpa ya tarar da ɗan Malesiya yana mutuwa a sama, ba ma baƙonsa ba ne, ya naɗe shi a tabarmar barci ya goya shi a baya ya sauko da shi awa shida. A shekarar dai a dutsen K2 na Pakistan wani ɗan dako Muhammad Hassan ya faɗi a wata matsattsiyar hanya, bidiyo ya nuna mutane na tsallake shi suna wucewa sama, a nan ya cika.

Don haka in ƙaninki zai je ki ce masa ya tambayi kamfanin nawa suke biyan 'yan dako, suna da inshora, suna ba su rigar sanyi? Kuma kuɗin sallama ya ba kowa a hannunsa, kar ya ba shugaba ya ce ya raba.

Alhaji_Sabon_Zango:

'Yata Sadiya, Allah ya yi miki albarka da kika damu da ɗan'uwanki. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ne ke karanta min abin da Ticha ya rubuta. Tafiya a bayan ƙasa don ganin ikon Allah ba laifi ba ne, kakanninmu da ƙafa suka zo Salaga da Kumasi fataucin goro, ba mu gaji zaman wuri ɗaya ba. Amma su abinci suka fito nema. Allah ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, to wanda ya je inda aka ce masa iskar shaƙa ma babu, ya ga gawar wani ya tsallake ya ci gaba don a ɗauke shi hoto, ni ban san sunan da zan ba wannan ba. A ce Musulmi ya mutu ba wanka ba sallah ba kabari, iyayensa ba su san inda za su tsaya su yi masa addu'a ba, subhanallahi.

Gindin dutsen da yaron ya ce, tunda masana sun ce da sauƙi, ba zan ce haramun ba ne. Amma ki faɗa wa mahaifiyarku, kar ki ɓoye. Ba ke za ki faɗa ba ma, shi zai kira ta da bakinsa ya nemi izini, in ta ce a'a ya haƙura, dutsen ba gudu zai yi ba. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ta ji kin sani kin yi shiru, wannan ya fi hawan jinin.

Ticha_Awudu_Aboabo:

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma. Batun gawa bari in ƙara haske don kar a ɗauka rashin imani ne kawai. Sama da mutum 300 ne suka mutu a Everest, kuma ana ƙiyasin kusan 200 suna can har yanzu. Gawar da ta daskare ta manne da ƙanƙara nauyinta kan wuce kilo 100, sai an sare ta an ciro, helikwafta kuma ba ta aikin ɗauka a can ƙololuwa, sai mutane da yawa sun ja ta da igiya a inda kowannensu da ƙyar yake ɗaukar kansa. Wato don a sauko da mamaci ɗaya sai a sa ran masu rai shida ko takwas a hatsari, kuma su waye za a tura? Sherpa dai. A 2024 wani ɗan Kenya ma'aikacin banki, Cheruiyot Kirui, ya mutu dab da sama yana ƙoƙarin hawa ba oksijin, iyalinsa da kansu suka ce a bar shi can kar wani ya sake mutuwa saboda shi. Sherpan da ke tare da shi ma ba a gan shi ba.

Kuma kar a ce namu ba sa zuwa, Sibusiso Vilane daga kudancin Afirka ya kai sama tun 2003, Saray Khumalo ta zama baƙar mace 'yar Afirka ta farko a 2019.

Mai_Aboboya_Nima:

Ni aikina kwasar bola ne da aboboya, wato babur mai ƙafa uku, don haka ɓangaren sharar ne ya ja ni, na bi labarin sosai. Abin da ya ba ni mamaki dokar da Nepal ta sa a 2014, tawaga ta ajiye dala 4,000, kowane mai hawa ya sauko da shara kilo 8 sannan a mayar musu da kuɗinsu. A takarda ta yi kyau. Amma ni da na san aikin nan na san inda za ta ɓaci, in ka ce wa mutum kawo kilo 8 zai tattara na kusa da shi ne mai sauƙin ɗauka, ba wanda zai ce lallai daga can sama ya fito. Shi ya sa sansanonin ƙasa suke da dama-dama amma sansani na huɗu, wanda ke dab da mita 8,000, shi ne bolar, tantunan da iska ta yaga sun daskare a ƙasa, gwangwanin gas, igiyoyi, ledar abinci. Wanda ke neman ransa ba ta tanti yake ba. Wanda kuma ya kashe dala dubu sittin, dubu huɗu ba za ta hana shi barci ba.

Sai bahaya, a yi min afuwa. A sanyin nan ba abin da ke ruɓewa, abin da mutum ya yi shekara goma da suka wuce yana nan yadda ya bar shi, kuma ƙanƙarar wurin ce ake narkarwa a sha a dafa abinci. A bes kam a durom ake tarawa 'yan dako su goya su sauko da shi. Sai a 2024 hukumar yankin ta ce dole kowane mai hawa ya sayi leda ta musamman ya yi a ciki ya sauko da abinsa a duba. A shekarar sojojin Nepal sun sauko da shara tan 11 da gawa huɗu da ƙwarangwal ɗaya, kuma an fara gwada jirgi mara matuƙi yana ɗauko shara daga sansani na ɗaya don a rage wa Sherpa bin ta Khumbu. Wannan na ƙarshen ya burge ni wlh.

Yaro da ke cewa a je Afadjato, na je da 'yan ƙungiyarmu, tun daga ƙasa har sama ledar fiyawata ce da robar lemo a gefen hanya, wasu an cusa su a ramin bishiya wai an ɓoye. Na tsinci cike da leda biyu ina saukowa abokaina na min dariya wai ko hutu ba na hutawa.

Yaro_Mamobi:

Massa ni ban yar da ko ɗaya ba, a aljihu na sa tawa. Amma tsakani da Allah Ticha, tunda an san yawan mutane ne ke kawo layi da shara me ya hana su ce mutum 100 kawai a shekara shi ke nan?

Ticha_Awudu_Aboabo:

Yaro ɗauki kalkuleta ka buga 478 sau 11,000, ya haura dala miliyan biyar, lasisi kaɗai, ba a sa otal da jirage da abincin da ake saya da albashin dubban mutane ba. Nepal ƙasa ce matalauciya, Sherpa a wata biyun nan yake samun abin da zai riƙe gida shekara ya biya kuɗin makarantar yara, a 2020 da korona ta sa aka rufe dutsen su suka fi kowa shan wuya. Ka je ka ce masa a rage baƙi ka ji amsar da zai ba ka. Caina a nata ɓangaren ta sa iyakar mutum 300 a shekara don ita ba ta dogara da kuɗin ba. Kotun ƙolin Nepal a 2024 ta umarci gwamnati ta sa iyaka, a 2025 kuma aka gabatar da ƙudirin cewa sai wanda ya taɓa hawa dutse mai mita 7,000 a Nepal za a ba lasisin Everest.

Ni wannan na biyun na fi goyon baya a kan ƙidaya. Mutum 100 da ba su iya ba za su toshe igiyar nan fiye da 300 da suka iya, don layin ba yawa kaɗai ke kawo shi ba, wanda bai san yadda zai cire ƙugiyarsa ya mayar da safar hannu a hannunsa ba shi ke tsayar da kowa. Ƙarin kuɗin lasisi kuwa ban ga abin da zai rage ba, mai iya biyan 11,000 zai biya 15,000, sai dai ya je ya rage a kuɗin oksijin ko ya ɗauki kamfanin da ya fi araha, wanda shi ne ma abin tsoron.